Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Nisan Da Ke Tsakanin Filin Jirgi Da Filin Jirgi



A makon jiya wata ƙanwarmu a wannan zaure ta turo min babi uku na littafin da take rubutawa, ta ce in duba mata. Rubutun ya yi daɗi, hirar taurarinta ba ta da gargada, kuma ta iya jan zaren labari. Amma da na kai babi na biyu sai na tsaya. Tauraronta matashin likita ne da ke aiki a Katsina. Bayan la'asar aka kira shi a waya cewa mahaifiyarsa tana kwance a Sakkwato, rai a hannun Allah. Ya suri jaka, ya nufi filin jirgi, ya yanki tikiti, kafin a kira magariba yana zaune a bakin gadonta. Na tambaye ta wane jirgi ya hau. Ta ce, "Yaya, ai sai da na bincika. Na duba a intanet, tsakanin filayen biyu bai kai kilomita 270 ba, kuma an rubuta cewa tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba."

Da izininta na kawo wannan magana nan, domin ba ita kaɗai ke yin haka ba, kuma ta ma fi da yawa daga cikinmu tunda ita ta yi ƙoƙarin dubawa. Lambar da ta samo daidai ce. Tsakanin filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina da na Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato, kimanin kilomita 260 da 'yan kai ne idan an miƙe ta sama. Sai dai ra'ayina, wanda shi ne batun wannan mako, shi ne cewa wannan lamba ita ce mafi ƙarancin abin da marubuci ke buƙatar sani game da tafiya. Abin da ke kwance tsakanin wurare biyu, da wanda ke da halin tsallake shi, da wanda ke biyan kuɗin tsallakewar, su ne ainihin nisa. Wanda ya tsaya a kan lambar ya hango Dala ne kawai.

Bari mu fara da yadda ake samo lambar. Shafukan da ke lissafa nisa suna ɗaukar matsayin kowane fili a taswira, su ɗauki duniya a matsayin ƙwallo wanda daga tsakiyarsa zuwa bayansa kimanin kilomita 6,371 ne, sannan su fitar da mafi gajartar layi a tsakani. Kamar dai ka soka allura biyu a jikin lemo, ka ɗaura zare ka ja shi ya miƙe. Tsawon zaren nan shi suke ba ka, wani lokaci da kilomita, wani lokaci da mil, wanda ya kai mita 1,609, wani lokaci kuma da mil ɗin teku da matuƙa ke aiki da shi, mai mita 1,852. Sai su raba da gudun jirgi, su ƙara 'yan mintoci na tashi da sauka, su ce ga lokacin tafiya. Kwamfutar da ta yi wannan lissafi ba ta san ko akwai jirgin da ke bin hanyar ba. Ba ta san ranar da yake tashi ba, ba ta san kuɗin tikiti ba, ba ta san hazo ba. Ko filaye biyun da aka rufe shekara goma ka ba ta, za ta fitar maka da lamba cikin natsuwa.

Don mu ga yadda lamba ke yaudara, zan kai mu wata arewar da ba tamu ba, can ƙarshen Birtaniya. A arewacin Sikotland akwai tarin tsibirai da ake kira Orkney, kusan 70, amma kimanin 20 ne kawai ke da mutane. Biyu daga cikinsu, Westray da Papa Westray, suna kallon juna, ɗan mashigin teku ne ya raba su. Kowanne yana da ƙaramin filin jirginsa, kuma tsakanin filayen biyu kilomita 2.7 ne kacal. Ku sake karantawa, ba kuskuren rubutu ba ne. Babban titin da jirgi ke gudu a kai a filin jirgin Malam Aminu Kano ya haura kilomita 3, wato tafiyar gaba ɗaya, daga tashi har sauka, ba ta kai tsawon titin nan na Kano ba. Duk da haka akwai jirgin fasinja da ke yin wannan zirga-zirga bisa jadawali tun 1967, na kamfanin Loganair, kuma ita ce tafiyar jirgin fasinja mafi gajarta a duniya da ke kan jadawali. Minti ɗaya da rabi zuwa biyu ake warewa, amma idan iska ta ba da baya, zaman da ake yi a sama bai cika wuce minti ɗaya ba. Wani matuƙi mai suna Stuart Linklater, wanda ya yi wannan tafiya fiye da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013, shi ke riƙe da tarihin mafi sauri, daƙiƙa 53.

Jirgin kansa ƙarami ne, samfurin Britten-Norman Islander, mai farfela biyu, matuƙi ɗaya da fasinja takwas. Babu ma'aikaciyar da za ta kawo maka shayi, babu wata ƙofa tsakaninka da matuƙi, kana zaune kana kallon ƙeyarsa da hannunsa a kan na'urori. Filin saukar ɗan fili ne a tsakiyar makiyaya, da ɗan ɗaki guda a gefe. Masu kula da shi mutanen tsibirin ne, da yawansu manoma da makiyaya, waɗanda ke ajiye aikinsu idan lokacin jirgi ya yi, su zo su duba titi, su tsaya da motar kashe gobara, su ɗora kaya, jirgi ya tashi su koma gona.

Wanda ya ga lambar 2.7 kawai zai ce wannan ai almubazzaranci ne, ko wasan Turawa da suka rasa abin yi da kuɗi. Tazarar da yaro zai taka a minti talatin, me ya kai jirgin sama? Amsar tana cikin abin da lambar ba ta faɗa ba. Ruwa ne a tsakani, ruwan tekun arewa mai sanyi da igiya, a yankin da iskar hunturu kan hana ƙananan jiragen ruwa fita. Sannan wannan guntuwar tafiya ƙafa ɗaya ce daga cikin uku. Jirgin yana tasowa ne daga Kirkwall, babban garin Orkney, mai nisan kilomita 40 da ɗoriya, ya sauka a tsibiri ɗaya, ya yi tsalle zuwa ɗayan, ya koma gida. A Kirkwall babban asibiti yake, can manyan ofisoshi suke, can ake samun jirgin da ke zuwa babban yanki. Masu hawa kuwa malaman makaranta ne da ke zagaya tsibiran, da ma'aikatan lafiya, da marasa lafiya masu zuwa ganin likita, da ɗalibai, da masu binciken kayan tarihi da ke zuwa ganin Knap of Howar, wani gidan dutse da ya haura shekara 5,000 a Papa Westray. An taɓa yin lokacin da jirgin ruwan da ke kai yaran Papa Westray makarantar Westray ya tafi gyara, wannan jirgin saman ne ya riƙa kai su.

Kuma kada mu ɗauka ciniki ne ke riƙe da hanyar. Mutanen Papa Westray a ƙidayar 2011 su 90 ne. Babu kamfanin da zai ci riba da kasuwar mutum 90. Majalisar tsibiran Orkney ce ke ba da kwangilar zirga-zirgar, tana cike giɓin da kuɗin jama'a, kamar yadda ake biyan kuɗin gyaran hanya ko na rijiyar burtsatse. Hujjarsu mai sauƙi ce. Idan mai ciki ba za ta iya isa asibiti ba, idan malami ba zai iya isa aji ba, mutane za su tattara su bar tsibirin, kuma sun ga hakan ya faru, domin a ƙarni na 19 mazauna wurin sun ninka na yanzu sau da yawa. Akwai masu sukar tsarin a can ma, wasu saboda kuɗin da yake ci, wasu saboda hayaƙin da yake fitarwa, wasu suna ganin gada ko ingantaccen jirgin ruwa ya fi. Suna da hujjarsu. Amma ko su ba sa musun cewa kilomita 2.7 na ruwa a tsakiyar hunturu nisa ne na gaske.

Yanzu mu dawo wurin likitan ƙanwarmu da ke tsaye a Katsina da jaka a hannu. Tazararsa ta ninka ta Orkney kusan sau ɗari, kuma biranen biyu kowanne yana da dubban ɗaruruwan mutane. Amma duk wanda ya saba hawa jirgi a arewacin Najeriya ya san akasarin jiragen da ke tashi daga ƙananan filayenmu Abuja suke nufa ko Legas. Filayen ba su cika gaisawa da juna ba. Don haka abin da ya fi yiwuwa shi ne likitan ya fara yin kudu zuwa Abuja, kimanin kilomita 440, ya jira, sannan ya sake yin arewa maso yamma zuwa Sakkwato, kusan kilomita 490. Tazarar 260 ta koma sama da 900, tikiti ɗaya ya koma biyu. Idan jirgin Sakkwato ya riga ya tashi kafin nasa ya sauka, sai kwanan Abuja. Wannan duk idan an yi sa'a akwai jirgi a ranar ke nan, kuma da wuya a ce bayan la'asar ne mutum zai fara neman sa.

Me ya sa haka? Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Yawancin jiragen da kamfanoninmu ke amfani da su manya ne, irin su Boeing 737 masu kujeru sama da 100. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa sama, kuma kowace sauka tana da kuɗinta, tana kuma rage kwanan tayoyi da injin. Gajeriyar tafiya da babban jirgi rabinsa babu kowa asara ce tsagwaronta. Don haka kowa ke bin hanyar da yake da tabbacin cika kujeru, wato inda gwamnati da manyan kasuwanni suke. Ƙari a kan haka, da yawa daga ƙananan filayen ba sa aiki bayan faɗuwar rana, sannan daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe sararin sama har a soke tashi. Ni kaina na taɓa wuni a wani filin jirgi tun hantsi ana ce mana a ƙara haƙuri, har aka yi isha'i, sannan aka ce kowa ya koma gida sai gobe. Ɗaurin auren da zan je, a waya na ji yadda aka yi shi. Iyayenmu da suka yi zamani da Nigeria Airways, wanda ya daina aiki a 2003, suna ba da labarin lokacin da ƙananan jiragen Fokker ke bi gari-gari a arewa. Yau filaye sun ƙaru, gine-gine sun yi kyau, amma wasunsu sai lokacin jigilar alhazai suke cika da mutane.

Idan likitan ya fasa jirgi ya ce zai bi mota, nan ma wani lissafin ne. Zai bi ta Funtuwa, Tsafe, Gusau da Talatar Mafara? Zai yanke ta Jibiya da Zurmi da Ƙauran Namoda? Ko zai ratsa ta Nijar, Maraɗi zuwa Birnin Ƙonni, ya shigo ta Illela, idan iyaka a buɗe take? Kowa a zauren nan ya san abin da ake tambayar direba a tasha kafin a shiga mota a waɗannan hanyoyi, kuma ya san dalilin da ya sa ba a son dare ya riski mutum a wasu wurare. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji masu iya magana, amma mai uwa a gadon asibiti ba shi da shekara.

Ku dubi abin da ƙanwarmu ta zubar da jimla ɗaya. Ɗa yana Katsina, uwa tana Sakkwato, a taswira kamar ya miƙa hannu ya taɓa ta. Yana da ilimi, yana da albashi, amma ga shi tsaye tsakanin tikiti biyun da za su cinye rabin abin da ya tara kuma ba lallai su kai shi yau ba, da hanyar motar da matarsa ke roƙonsa da kuka kada ya bi da dare. Ƙanwarsa tana kira duk bayan minti goma tana cewa Inna tana tambayarsa. Wannan babi ne guda cur, wataƙila ma shi ne zuciyar littafin. A nan za mu san wane irin mutum ne shi, abin da yake tsoro, da abin da zai iya sayarwa. Da aka sa shi a jirgin da babu shi, an raba shi da jarrabawarsa, an raba mai karatu da fargabar da ya sayi littafin dominta.

Na san abin da wasu za su ce, domin mun sha yin wannan muhawara. Za a ce ai ƙagaggen labari ne, marubuci yana da ikon ƙera duniyarsa yadda ya so. Na yarda, amma da sharaɗi. Idan ka ƙirƙiri garinka da ƙasarka, ka sa musu jiragen da ke tashi kowane minti biyar, babu mai tuhumarka. Amma da zarar ka rubuta Katsina da Sakkwato, ka ari sunayen da mutane ke zaune a cikinsu, kuma cikin masu karatunka akwai wanda ya yi wannan tafiya a makon jiya. Ranar da ya kama ka da ƙarya a kan abin da ya sani, zai daina yarda da kai a kan abin da bai sani ba, har da soyayyar da ka ɓata dare kana tsarawa. Wasu kuma za su ce tauraron nasu attajiri ne, yana da jirgin kansa. To madalla, a rubuta hakan, amma a tuna jirgin kai ma yana da matuƙin da sai an kira shi, da mai da sai an sha, da izinin tashi da sai an nema, kuma hazo bai san mai kuɗi ba. Wasu za su ce mai karatu ba ya son dogon bayani a kan hanya. Gaskiya ne, kuma ba cewa na yi a cika shafi da lambobi ba. Jimla biyu sun isa idan na gaskiya ne. Sanin da marubuci ya yi shi ke bayyana a cikin abin da ya zaɓa ya faɗa, ko da kashi ɗaya cikin goma ya rubuta.

Akwai kuma abin da ya wuce gyaran labari. Mu marubuta muna cikin masu koya wa jama'a abin da za su ɗauka a matsayin ci gaba. Idan littattafanmu kullum suna nuna filin jirgi a matsayin wurin da ake zuwa da tabarau da jakar turawa a ɗauki hoto, muna taya masu mulki auna nasara da girman gini. Mutanen Orkney ɗan ɗaki ne da su a gefen makiyaya, amma jirgi yana zuwa, kuma malamin makaranta yana iya biyan kuɗinsa. A wurina wannan shi ne ma'aunin filin jirgi: wa yake ɗauka, zuwa ina, sau nawa a mako, a kan nawa. Ba ina cewa a kwafo tsarinsu a dasa mana ba, domin su ruwa ne ya raba su, mu kuwa abin da ya fi damun talakanmu shi ne hanyar mota ta yi kyau kuma ta yi aminci. Amma tambayar da suka yi wa kansu ta dace da mu: me ke hana mutumin nan isa inda yake buƙata, kuma mene ne mafi ƙanƙantar abin da zai kawar da shi? Marubucin da ya iya sa wannan tambaya a bakin taurarinsa, ba tare da ya hau mumbari ba, ya yi wa al'ummarsa aiki.

Saboda haka, kafin ka ɗaga tauraronka daga wani gari zuwa wani, ka zauna ka amsa wa kanka wasu 'yan tambayoyi. Akwai abin hawan da ke bin wannan hanya kai tsaye, ko sai an zaga? A wace rana, da ƙarfe nawa? Wane wata ne a labarin, damina ko hunturu? Nawa ne kuɗin, kuma a aljihun wa zai fito? Me zai faru idan ya makara? Amsoshin ba su da wahalar samu. Ka duba jadawalin kamfanonin jirgi kamar mai shirin sayen tikiti da gaske. Ka je tasha ka zauna da direbobi da 'yan kamasho, ka sayi shayi, ka saurara. Ka kira wanda ya yi tafiyar kwanan nan ka tambaye shi inda ya yi sallar azahar da abin da ya ci a hanya. Zuwa da kai ya fi aike, amma idan zuwan bai samu ba, tambaya ta fi ƙirƙira.

Aikinmu na wannan mako ga mai sha'awa: ka zaɓi garuruwa biyu da ka sani, ka nemo tazarar da ke tsakaninsu ta sama, ka rubuta lambar a saman takarda. Sannan ka rubuta labarin da bai wuce kalma 500 ba, na mutumin da dole ne ya tashi daga ɗaya ya isa ɗayan kafin wayewar gari, ba tare da ka ambaci lambar a cikin labarin ba ko sau ɗaya. A ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu kafin Juma'a, za mu zaɓi uku mu tattauna su tare. Ƙanwarmu mai littafi ta riga ta fara nata, kuma ta ce min likitan yanzu yana tashar mota yana ciniki da wani direban da ya ƙi tashi sai da asuba.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, musamman 'yan uwanmu da ke aiki a filayen jirgi ko masu yawan bin waɗannan hanyoyi, ƙofa a buɗe take, a gyara mana inda muka karkace. Allah ya ƙara mana basira, ya kai matafiyanmu gida lafiya.